Yadda Ake Zaɓen Fentin Ƙasan Jirgin Ruwa Mai Araha Ba Tare Da An Tafka Asara Ba

Tun daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, duk mai jirgin ruwa mai inji ya koma lissafin mai lita-lita. Wasu sun rage gudu, wasu sun ƙara kuɗin fasinja, wasu kuma kullum suna hanyar wurin makaniki da ƙorafin cewa inji ya fara shan mai. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana ƙasan jirgin, wurin da ido ba ya kaiwa sai an fito da shi kan tudu.

Duk abin da aka bari cikin ruwa, halittu za su kama shi. Cikin 'yan awanni wani yauƙi na ƙwayoyin halitta zai fara lulluɓe jikin jirgin. Bayan kwanaki sai gansakuka ta hau kan yauƙin. Idan ruwan gishiri ne, cikin 'yan makonni masu ɓawo za su iso, kuma mafi fitina a cikinsu shi ne banakul, wata 'yar halitta dangin ƙaguwa da ke manne kanta a jikin jirgi da wani irin gam mai ƙarfi, ta gina ɓawo mai kaifi a kewayenta. Jikin da ya kamata ya zama sumul sai ya koma kamar dutsen guga, ruwa ya riƙa riƙe shi, inji ya riƙa wahala.

Asarar ba ƙarama ba ce. A 2007 Michael Schultz na kwalejin sojojin ruwan Amurka ya yi lissafi a kan wani jirgin yaƙi, ya nuna cewa idan masu ɓawo suka cika jikinsa sosai, ƙarfin injin da ake buƙata don ya riƙe gudunsa na yau da kullum zai iya ƙaruwa da kashi 86 cikin ɗari. Wani rahoto da shirin GloFouling na hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya, IMO, ya fitar ya nuna cewa yauƙi kawai, mai kaurin rabin milimita, idan ya rufe rabin jikin jirgi, zai iya ƙara hayaƙin da yake fitarwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hayaƙi kuwa mai ne da aka ƙona. A kan manyan jirage aka yi waɗannan lissafe-lissafen, amma ruwa bai san babba da ƙarami ba.

Maganin da aka fi sani shi ne wani fenti na musamman da ake shafawa daga layin ruwa zuwa ƙasa, wanda masu sana'ar ke kira antifaulin. Yana da tsada, kuma tsakanin gwangwani mafi araha da mafi tsada akwai tazara mai yawa. Kafin ka san wanne ne mai arahar gaske, sai ka fara fahimtar abin da kuɗinka ke saya.

Fenti ne da aka yi shi don ya ƙare

Fentin bango ko na mota, ingancinsa shi ne ya daɗe bai canza ba. Wannan kuwa akasin haka ne. A cikinsa akwai guba, galibi garin jan ƙarfe da a takardun kamfani ake rubutawa Cu2O, kuma aikinsa shi ne ya riƙa sakin gubar kaɗan-kaɗan cikin siririn ruwan da ke taɓa jikin jirgi, ta yadda 'ya'yan banakul da gansakuka ba za su iya zama ba. Ranar da ya daina saki, ranar aikinsa ya ƙare, ko da launinsa yana nan ras.

Akwai wani tsohon labari da ke fayyace wannan. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta lulluɓe ƙasan wani jirginta mai suna Alarm da faifan jan ƙarfe, aka ga jirgin ya dawo daga doguwar tafiya jikinsa tsaf. Daga baya aka yi wa sauran jiragen haka. Amma jan ƙarfen yana cinyewa a cikin ruwan teku, kuma yana da tsada, sai aka nemi masanin kimiyya Humphry Davy ya samo mafita. A 1824 ya gano cewa idan aka manna guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin faifan, su ne za su cinye, jan ƙarfen ya tsira. Dabarar ta yi aiki, jan ƙarfe ya daina narkewa. Sai dai da ya daina narkewa, halittu suka dawo suka cika shi. Ashe narkewar ita ce kariyar.

Ke nan sayen wannan fenti ya fi kama da sayen data a kan sayen waya. Ba wanda ke da wayo da zai kwatanta tsarin data biyu da farashinsu kawai, sai ya duba giga nawa ne, kuma kwana nawa za ta yi kafin ta mutu. Haka nan a nan, abin da ake saya shi ne watannin kariya, ba litocin fenti ba.

Shin ma kana buƙatarsa?

Wannan ita ce tambayar da mai sayar da fenti ba zai yi maka ba, kuma ita ce ta fi ceton kuɗi. An yi wannan fenti ne don jirgin da ke kwana cikin ruwa makonni da watanni. Kwalekwalen da ake jawowa kan yashi kullum da yamma, ko jirgin da ake ɗorawa a tirela bayan aiki, ba ya buƙatarsa ko kaɗan. Rana da iska suna kashe abin da ya fara kamawa, burushi da bokitin ruwa su ƙarasa sauran.

Sai kuma irin ruwan. Jirgin da ke aiki a tafkin Kainji, ko kogin Kwara wajen Yawuri, ko Binuwai, ko tafkin Chadi, ko tafkin Volta wajen Yeji, cikin ruwan daɗi yake. A can abin da zai fi damunsa yauƙi ne da gansakuka, waɗanda gogewa lokaci-lokaci ke cirewa. Sayen fentin teku mai cike da jan ƙarfe don irin wannan ruwa ɓarnar kuɗi ce, kuma cutarwa ce, domin jan ƙarfe ya fi yi wa kifi illa a ruwan daɗi, ga shi kuma ruwa ne da mutane da dabbobi ke sha, masunta kuma da shi suka dogara. A Suwidin doka ba ta yarda a yi amfani da fenti mai guba a jiragen da ke zaune a tafkunan ƙasar ba, gogewa ake yi. Wanda ya ga lallai sai ya shafa wani abu a ruwan daɗi, to ya nemi wanda kamfani ya rubuta cewa na ruwan daɗi ne. Irinsa gubarsa kaɗan ce, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi.

Labari ya sha bamban a bakin teku. Legas, Fatakwal, Tema, Duwala, Port Sudan, duka ruwa ne mai ɗumi duk shekara, kuma ɗumi yana hanzarta girman waɗannan halittu. Fentin da aka rubuta cewa yana yin “kaka guda” a Turai, an auna shi ne da ruwan sanyi da jirgin da ke yin kamar wata shida a ruwa sannan a fitar da shi lokacin hunturu. A nan ba hunturun da zai ba jirgi hutu. Don haka idan ka ga alƙawarin tsawon lokaci a jikin gwangwani, ka rage masa a zuciyarka. Tafkin Legas ma yana da nasa halin: da damina ruwan sama da na koguna suna rage masa gishiri sosai, da rani gishirin ya dawo, masu ɓawo su dawo tare da shi.

Da me aka ƙera jirgin?

A nan ne kuskure ɗaya ke iya cinye jirgi sukutum, don haka a natsu.

Idan jirgin alminiyam ne, kada fenti mai Cu2O ya kusance shi. Ƙarfe biyu mabambanta da suka haɗu a cikin ruwan gishiri batir ne, kamar dai wanda ake gwadawa a ajin kimiyya na sakandare. Lantarki zai riƙa gudana tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cinyewa, kuma tsakanin jan ƙarfe da alminiyam, alminiyam ne ke cinyewa. Yana farawa da ƙananan ramuka kamar an tsira allura, ya ƙare da huda. Turawan Ingila ma sun sha wannan darasin, domin faifan jan ƙarfen nan ya riƙa cinye ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke riƙe katakon jiragensu, sai da suka canza ƙusoshin. Na alminiyam fentinsa daban ne: ko dai mai wani nau'in jan ƙarfe da ake rubutawa CuSCN, kamar Trilux 33 na kamfanin International, ko kuma wanda babu jan ƙarfe a cikinsa sam, mai amfani da sinadarai irin su Econea. Ko da su ɗin ma, sai an fara shimfiɗa fentin efoksi a ƙasa. Wannan gargaɗin ya shafi ƙafar injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin su Yamaha da Suzuki, domin ita ma alminiyam ce. Mutum ya gama shafa ƙasan jirgin faiba, ya ga saura kaɗan a gwangwani, ya ce bari ya shafa wa ƙafar inji kada ya lalace a banza. Wannan ragowar ita ce za ta fi komai tsada.

Jirgin baƙin ƙarfe yana ɗaukar fenti mai jan ƙarfe, amma ba a kan ƙarfe tsirara ba. Dole a sami shimfiɗar fentin hana tsatsa mai kauri a tsakani. Shi antifaulin ba ya hana tsatsa, ba aikinsa ba ne, kuma ruwa yana ratsa shi.

Faiba ita ce mafi sauƙin sha'ani, tana karɓar kusan kowane iri. Abin lura kawai shi ne sabon jirgi yana zuwa da wani kakin da aka shafa a mazubin da aka ƙera shi. Idan ba a wanke kakin tas ba, fenti zai riƙa ɓarewa falle-falle.

Katako kuwa, a ruwan gishiri yana da maƙiyi na daban da ake iya kira garar teku. Kamar tsutsa take amma dangin kumba ce, tana shiga katako tun tana ƙanƙanuwa ta ramin da ido ba ya gani, ta riƙa cinsa daga ciki har ya koma kamar saƙar zuma alhali waje lafiya. Ga jirgin katako da ke kwana a ruwan gishiri, fenti mai jan ƙarfe sosai ba ado ba ne, kuma duk inda ya kankare sai a gyara da wuri. A ruwan daɗi babu wannan damuwa.

Mai tauri ko mai zaizayewa

Idan aka bar sunayen talla a gefe, yawancin abin da ke kasuwa gida biyu ne.

Mai tauri yana bushewa ya zama ɓawo mai ƙarfi, guba ta riƙa fita ta cikin ƙananan kafofi, shi kuma ɓawon ya tsaya. Da farko yana saki da yawa, sannan ya riƙa raguwa har ya ƙare. Yana jure gudu, yana jure gogewa da burushi, yana jure taɓa yashi. Trinidad na kamfanin Pettit sanannen misali ne. Aibinsa biyu: idan aka bar jirgin a tudu ya daɗe, iska tana kashe masa ƙarfi, sannan duk shekara sabon shafi yana hawa kan mataccen tsoho, har ranar da kaurin zai fara tsagewa, a zo ana kankare duka. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da ba ya fitowa a farashin gwangwani.

Mai zaizayewa kamar sabulu yake. Ruwa yana cin samansa a hankali, sabon fenti mai guba ya riƙa fitowa. Ba ya taruwa, kuma idan ya ƙare ido zai gani. A cikin gidan nan akwai na ƙasa da na sama. Na ƙasa an haɗa shi da ƙaron itace, yana da laushi, shi ne mafi araha, amma zaizayewarsa ba ta da tsari, kuma jirgi mai gudu yana iya wanke shi cikin ɗan lokaci. Na sama, wanda ake yi wa alama da haruffan SPC, ruwan gishiri ne ke narkar da samansa ta hanyar sinadari daidai wa daida, shi ya sa ya fi daɗewa kuma ya fi tsada. Kowane fenti mai zaizayewa yana da iyakar gudun da kamfani ya rubuta masa. Jirgin fasinja mai manyan injuna biyu da ke tsaga ruwa daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas sau da yawa a rana ba abokin fenti mai laushi ba ne, komai araharsa.

A taƙaice ga yadda zaɓin yake: jirgi mai gudu sosai, ko wanda ake yawan goge ƙasansa, ko mai taɓa yashi, mai tauri ya fi dacewa da shi. Jirgi mai matsakaicin gudu da ke fita a kai a kai, mai zaizayewa. Jirgin da ke ɗaure wuri guda makonni ba motsi shi ne mafi wahalar karewa, domin fenti mai laushi yana buƙatar motsin ruwa kafin ya sabunta kansa.

Lissafin da kalkuletar wayarka za ta yi cikin minti biyu

Da farko a san faɗin wurin da za a shafa. Kamfanonin fenti suna da ƙa'ida mai sauƙi ga jirgi mai inji mai faɗin ciki: a haɗa faɗin jirgi da zurfin da yake nitsewa, a ninka da tsawonsa a layin ruwa. Jirgi mai tsawon mita 8, faɗin mita 2.2, nitsewar rabin mita: 2.2 a tara da 0.5 ya ba da 2.7, sau 8 ya ba da 21.6, a ce murabba'in mita 22. Shafi biyu ake yi, ya zama 44. Ana ƙara shafi na uku a layin ruwa da goshin jirgi da kusa da farfela, inda ya fi saurin cinyewa, a ce jimilla 50. Yawancin irin wannan fenti lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10, wani ƙasa da haka, wani sama. Ke nan lita 5.

Yanzu a ɗauki farashi na misali kawai, kowa ya sa nasa na gaske a gurbinsu. Fenti na farko naira 25,000 kowace lita, yana yin wata 9. Na biyu naira 60,000, yana yin wata 18. Lita biyar ta farko 125,000, ta biyu 300,000. A kallon farko na farko ya yi nasara da nisa.

Amma fenti ba ya shafa kansa. Sai an fito da jirgi, an wanke, an goge, an biya leburori, sannan jirgin ya yi kwanaki ba ya kawo ko sisi. A ce duk wannan ya kai 200,000. Na farko ya zama 325,000, a raba da wata 9, kusan 36,100 a wata. Na biyu ya zama 500,000, a raba da 18, kusan 27,800 a wata. Mai tsadar ya koma mai araha.

To a juya misalin. Ƙaramin jirgi ne da samari shida za su jawo kan yashi, mai shi ya shafa da hannunsa cikin yini biyu, duka hidimar ba ta wuce 20,000 ba. Na farko 145,000 a raba da 9, kusan 16,100 a wata. Na biyu 320,000 a raba da 18, kusan 17,800. A nan mai arahar ne ya ci. Fenti iri ɗaya, farashi iri ɗaya, amsa ta canza saboda kuɗin fito da jirgi. Shi ya sa duk wanda ya ce maka fenti kaza ne mafi kyau ba tare da ya tambayi yadda kake fito da jirginka ba, bai gama jin tambayar ba. Wanda ya iya Google Sheets ko Excel a waya, layi huɗu sun isa ya ajiye wannan lissafin ya riƙa canza lambobi.

Lambobin da ake buƙata kuwa ba a bakin mai shago suke ba. Kowane kamfani na gaske, irin su Jotun na Norway, Hempel na Denmark, International, da Chugoku na Japan mai yin Seajet, yana da takardar bayanan kowane fenti a shafinsa na intanet, kyauta, a matsayin PDF. A ciki za ka ga murabba'in mita nawa lita ke rufewa, kaurin da ake so, irin jirgin da ya dace, awa nawa tsakanin shafi da shafi, da tsawon lokacin da za a iya jira kafin a mayar da jirgi ruwa. Akwai takarda ta biyu ta kariyar lafiya, wadda ke lissafa gubar da ke ciki da kimanin yawanta. Fentin da ka nema a intanet ka rasa takardunsa, bar shi a shagon.

Inda sauƙi yake, da inda tarko yake

Hanyar rage kuɗi mafi inganci ita ce sayen babban mazubi. Ƙananan gwangwanaye masu hoton jirgin shaƙatawa an yi su ne don masu kuɗin Turai, kuma farashinsu ya nuna haka. Kamfanonin nan dai suna da layin fenti na jiragen kasuwanci da na kamun kifi, irin su SeaForce na Jotun, Olympic na Hempel da Interspeed na International, da ake sayarwa a durom mai lita 20, kuma kowace lita tana faɗowa ƙasa. Jirgi ɗaya ba zai shanye durom ba, amma masu jirgi huɗu a tasha ɗaya za su iya haɗa kuɗi. Sai dai a karanta takardar, domin wasu an tsara su ne don jirgin da kullum yake tafiya.

Hanya ta biyu ita ce tambayar maƙwabta. Jirgin da ke ɗaure kusa da naka ruwa ɗaya kuke sha. Abin da ƙasansa ya nuna ranar da aka fito da shi ya fi bidiyo ɗari na YouTube da aka ɗauka a ruwan sanyin Ingila.

Tarkon kuma yana wurin fentin da ba shi da suna, wanda ake ɗurawa a jarka a ce ragowar wani babban jirgi ne. Wani ya riga ya lalace, wani an tsinka shi, wani kuma yana iya zama haramtacce. Daga shekarun 1960 an yi yayin wata guba mai suna TBT da ake haɗawa daga kuza. Ba a taɓa samun mai aiki kamarta ba, amma ɓarnarta ta wuce misali. A ƙarshen shekarun 1970 ta durƙusar da sana'ar kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa, inda ɓawon kawa ya riƙa nakasa, 'ya'yanta suka daina rayuwa. An kuma gano tana sa matan wasu dodon koɗin teku su fitar da al'aurar maza, su daina haihuwa. Faransa ta hana ta a ƙananan jirage a 1982, IMO ta amince da yarjejeniyar hana ta a 2001, yarjejeniyar ta fara aiki a watan Satumban 2008. An ƙara wata guba mai suna Irgarol a jerin haramtattu daga Janairun 2023. Idan wani ya yi maka tallan “tsohon haɗi mai ƙarfi wanda yanzu ba a samu”, ka san abin da yake nufi. Masunci da ya shafa wannan, abincinsa ya sa wa guba.

Akwai kuma masu dabarar gida: a zuba garin barkono a fentin mai na yau da kullum, ko a juye fiya-fiya, ko maganin ciyawa. Fentin gida ba a yi shi ya riƙa sakin komai a hankali ba. Abin da aka zuba ko dai ya kulle a ciki bai fita ba, ko ya wanke gaba ɗaya cikin kwanaki ya kashe kifin da ke kusa. Haka nan tsinka fenti da tina don ya isa: kariyar a kauri take, wanda ya raba kauri biyu ya raba watanni biyu, kuɗin fito da jirgi kuma yana nan yadda yake.

Wata 'yar alama da hannu ke iya ganewa: garin jan ƙarfe yana da nauyi sosai, don haka gwangwanin fenti mai Cu2O na gaske ya fi na fentin gida nauyi nesa ba kusa ba. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, akwai magana. Saboda nauyin nan ne ma garin ke kwanciya a gindin gwangwani, kuma wanda bai juya sosai ba zai shafa ruwan launi a rabin jirgi, ya bar abin da ya biya kuɗi dominsa a ƙasa.

Na'urar sauti da sauran sababbin fasahohi

Masu son na'urori za su ci karo da tallan wata fasaha da ke amfani da sautin da kunnen mutum ba ya ji. Ana manna wasu ƙananan na'urori a jikin jirgi daga ciki, su riƙa aika girgiza mai saurin gaske, daga wajen kilohaz 20 zuwa sama, don hana halittu zama. Sonihull na cikin sanannun masu yin ta. Tana aiki a faiba da ƙarfe da alminiyam, amma katako yana shanye girgizar, don haka ba ta da amfani a jirgin katako. Tana buƙatar wuta dare da rana, wato batir da sola, kuma yawancin masu ita ba su daina shafa fenti ba, tsawon ransa take ƙarawa. Ga mai neman araha, ba nan ne mafari ba.

Akwai fentin silikon, irin Silic One na Hempel, wanda babu guba a cikinsa, santsi ne kawai ke sa abin da ya manne ya zame idan jirgi ya ɗauki gudu. Yana da kyau ga muhalli, amma yana da laushi, ba ya son yashi ko karo da gaɓa. Akwai kuma Coppercoat na Ingila, efoksi ne da ake zuba wa kilo 2 na garin jan ƙarfe a kowace lita, kamfanin yana cewa yana kai shekara goma. Sharaɗinsa sai an kankare tsohon fenti duka, kuma kuɗin farko yana da nauyi. Wanda fito da jirginsa ke da tsada ƙwarai, kuma ya san zai riƙe jirgin shekaru, ya sa shi a lissafin da ke sama ya gani.

Ranar shafawa

Fenti mai kyau a kan shiri mara kyau asara ce. Ka san abin da ke jikin jirgin tun da farko: mai laushi yana hawa kan mai tauri idan an goge, amma mai tauri a kan mai laushi zai ɓare, domin ƙasansa yana zaizayewa. Idan ba a san tsohon ba, akwai fentin tsakani da ake shimfiɗawa ya raba su, kamar Primocon na International.

Kada a goge tsohon fenti da busasshiyar sanfefa, kuma kada a ƙona shi da wuta. Ƙurarsa guba ce ga huhu da ido. A jiƙa shi ana gogewa, a sa safar hannu da tabarau da abin rufe hanci na gaske, a shimfiɗa leda a ƙasa don a kwashe abin da ya zuba maimakon ya koma ruwa. Yaran da ake ba wannan aikin a bakin tasha galibi da hannu tsirara suke yi, kuma haƙƙin mai jirgi ne ya saya musu kayan kariya.

A shafa da safe bayan raɓa ta bushe ko da la'asar, ba cikin tsakar rana ba, domin zafi yana busar da fenti tun a kan rola. A guji ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa ko hadari ya haɗo. Kada a shafa wa dunƙulen tutiyar da ke manne a jikin jirgi ko inji, aikinsu shi ne su cinye a madadin ƙarfen jirgi, fenti kuma yana hana su.

Idan mai zaizayewa ne, a yi shafin farko da launi daban, misali ja a ƙasa, shuɗi a sama. Ranar da ja ya fara leƙowa, lokacin sabuntawa ya yi. Kafin a yar da gwangwani, a ɗauki hoton sunansa da lambar haɗinsa da waya, a rubuta ranar da jirgi ya koma ruwa, sannan a riƙa rubuta litocin man da yake sha a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Watan da lambar ta fara hawa ba tare da inji ya canza ba, shi ne ainihin tsawon ran fentin a ruwanku, kuma shi za a sa a lissafin saye na gaba.